Inda Motar Shara Take Juyewa

Shekara biyu ke nan da kamfanin kwashe shara ya ajiye durom uku a bakin layin: shuɗi na robobi da gwangwanaye da kwalabe, rawaya na takardu da kwalaye, kore na ragowar abinci da ɓawo. A sauran layukan unguwar ba a yi wata guda ba mutane suka koma zuba komai a duk wanda ya fi kusa da hannu. A wannan layin kuwa abin ya zauna daram, kuma kowa ya san dalili. Akwai Sista.

Sista ta yi shekara talatin da biyu tana aikin jinya a ɗakin tiyata kafin ta yi ritaya. A can, wanda ya jefa allura a kwandon auduga zai iya jawo wa mai shara ciwon da ba ya warkewa. Don haka da aka ce a riƙa raba shara tun daga gida, ita ba ta ga wani sabon abu ba, gani ta yi ma an makara. Gidanta ne na biyu daga bakin layi, tagar falonta tana kallon durom ɗin. Ba ta zagi, ba ta ɗaga murya. Idan ta ga gwangwanin madara a cikin kore, sai ta sa safar hannu ta ciro shi, ta nufi gidan da ya fito, ta yi sallama, ta tambayi lafiyar yara ɗaya bayan ɗaya, sannan ta ajiye gwangwanin a kan tebur ta ce, "Na ga kun yi mantuwa." Yadda take gane gidan, har yau ba wanda ya sani. Wanda aka yi wa haka sau ɗaya ba ya bari a yi masa na biyu. Gida arba'in da ɗaya ne a layin, kuma a kowanne sai an ɗauraye gwangwani an kife shi ya bushe kafin a fitar.

Mai kwashe sharar layin duk Litinin da Alhamis mijin 'yarta ne ta ƙarshe, wadda har ta haifi uku ba a daina ce mata Auta ba. Shekara tara yana tuƙa motar kamfanin, kowa Direba yake kiransa. Mutum ne marar yawan magana, mai tsoron abin da zai sa a ɗaga masa murya. A layin surukarsa, masu lodinsa biyu sukan juye kowane durom a nasa ƙaton buhu, su ɗaure baki, su jera a bayan mota, shuɗi gefe, rawaya gefe, kore can ƙurya. Shi kuma ya sauko ya rusuna ya gaida Sista, ta amsa tana kallon buhunan.

Akwai abin da ba ta sani ba. A watanni goma na farko, gaskiya ne ana kai buhunan ma'ajiyar kamfani, inda wani dogon inji mai bel yake tafiya da sharar a hankali, ma'aikata a tsaye dama da hagu suna tsincewa, a ƙarshe a matse robobi a ɗaure su dila-dila. Wata rana injin ya ƙone. Aka ce za a kawo kayan gyara daga waje, aka sallami ma'aikatan "na ɗan lokaci". Manaja ya tara direbobi ya ce kafin nan a riƙa kai komai babban juji da ke bayan gari, kuma kada a gaya wa jama'a, don kada su saki abin da aka sha wuya kafin a koya musu. Wata goma sha huɗu ke nan da yin wannan taron.

Direba ya gaya wa Auta tun a makon farko, suna shan shayin safe.

"Ke ya kamata ki faɗa mata," in ji shi.

"Ni? Kamar ba ka san Mama ba. Kuma ka tuna yadda ta koma bayan rasuwar Baba. Wata takwas ba ta leƙa ƙofar gida ba. Durom ɗin nan ne ya fito da ita. Ka bar ta, ai za su gyara."

Ya bar ta. Ba su gyara ba.

Wanda ya tono maganar Mai Aski ne, mai shago daura da durom ɗin, mutumin da bakinsa ya fi almakashinsa sauri. Wata Litinin ana cikin lodi ya fito da tawul a kafaɗa.

"Sista, ina da tambaya, amma don Allah kada ki biyo ni gida da gwangwani."

"Ina jin ka."

"Kwana huɗu famfo bai kawo ruwa ba. Jiya na koma gida zan watsa, na tarar matata ta ƙarar da bokitin ƙarshe wajen yi wa gwangwanin kifi wanka. Gwangwani ya kwana fes, ni na kwana da gashin mutane a wuya."

Masu jiran aski suka kwashe da dariya. Sista ba ta yi ba.

"Wannan duk mai sauƙi ne," ya ci gaba. "Akwai wani da nake yi wa aski, yana jigilar yashi ta hanyar juji. Ya rantse mini cewa buhunan nan wuri ɗaya ake juye su, da shuɗin da koren da rawayan, katafila ta bi ta kai. In haka ne, me muke yi wa wahala?"

Sista ta juya wajen motar. Direba ya duƙa yana duba tayar baya, wadda ba abin da ya same ta.

"Malam Direba, ka ji abin da ya ce."

Ba ta ce masa Malam Direba sai in magana ta yi nauyi.

"Mama, ai kun san mutane da surutu."

"To shi ke nan. Ranar Alhamis zan bi ka. Zan ɗauko hoto in kawo wa Mai Aski ya manna a madubinsa."

"Mama, kamfani ya hana ɗaukar fasinja."

"Sai in ɗauki tasi in bi bayanka."

Ya san za ta aikata. Kwana biyu yana juya maganar, har ya tuna cewa tsofaffin dilolin roba suna nan jibge a ma'ajiya ba a kwashe ba, kuma maigadin wurin abokinsa ne. Ya kira shi ya roƙe shi ya share gaban rumfar injin, ya kuma gaya masa abin da zai faɗa. Da ya ba Auta labarin dabarar, sai ta ce Allah ya rufa asiri.

Ranar Alhamis Sista ta fito da takalmi marar tsini, da lema, da jakar hannunta mai nauyi. Masu lodi suka kama mata ta hau gaban mota. Tun da ya auri 'yarta bai taɓa zama kusa da ita haka ba. Sandar giya ce kawai a tsakaninsu, kuma duk lokacin da zai canza giya sai ya ce, "Ku yi haƙuri, Mama." A na biyar ta ce ya yi tuƙinsa.

Maigadi ya buɗe musu ƙofar ma'ajiya da fara'ar da ta yi yawa. Ya ce sun yi rashin sa'a, yau ake yi wa injin sabis, an ba ma'aikata hutu, amma ga aikin da aka yi nan ta gani da idonta. Ya nuna dilolin, sun kai tsayin ɗaki.

Sista ta ce masa sannu da aiki. Ta zagaya dilolin a hankali. Ta gefen da rana take bugu robobin sun koɗe sun yi fari, kuma ciyawa ta fito daga tsakaninsu har ta kai gwiwa. Ta shiga rumfar, ta wuce inda aka share, ta ja yatsa a kan bel ɗin ta duba yatsan. A saman injin tantabara ta yi sheƙa, har da ƙwai biyu. Kalandar da ke bango tana kan wani wata na bara. Ba ta fito da wayarta ba.

Ta dawo inda Direba yake tsaye, ta goge yatsanta da hankici.

"A asibiti," ta ce, "idan aka gaya mini ana juya majinyaci duk bayan awa biyu, ba fayil nake dubawa ba. Bayansa nake dubawa. Ka kai ni inda kake juyewa."

Maigadi ya tuna yana da ruwa a kan wuta. Direba ya buɗe mata ƙofar mota.

Jujin yana da nisa, kusan tafiyar minti arba'in bayan gidaje sun fara ƙaranci. Wari ne ya fara tarbar su, sannan hayaƙi, sannan tudun kansa, mai faɗin da ido ba ya ganin ƙarshensa. Katafila ɗaya tana hawa tana sauka, fararen tsuntsaye suna bin bayanta. Ta ɓangaren da iska take kaɗawa akwai gidajen kwano a jere, da shanya a igiya, hayaƙin yana bi ta cikin shanyar.

Motar tana shiga, mata suka taso daga ko'ina, kowacce da buhu da guntun ƙarfe mai lanƙwasa a baki. Sista ta zaci turmutsutsu za a yi. Sai wata doguwar mata, wadda ba za ta gaza shekara sittin ba, ta ɗaga ƙugiyarta sama, kowa ya tsaya. Ta nuna shida da baki, sauran suka koma inda suka fito suna ƙunƙuni.

Direba ya ja wani ƙarfe a gefen kujerarsa, bayan motar ya ɗaga. Buhunan suka gangaro a kan juna. Na kore, da yake shi ne a ƙurya, shi ya faɗo a ƙarshe, ya fashe a kan na rawaya. Sista ta sauko ta tsaya da lemarta a rufe. A gaban ƙafarta ta ga kwalin maganin hawan jininta, wanda ta buɗe ta shimfiɗe da hannunta ranar Talata, yana shan ruwan miyar wani gida.

Mai ƙugiyar ta matso tana ƙare mata kallo.

"Baiwar Allah, daga kamfani kike ko daga jarida? In hoto ne, ba ma so."

"Rakiya na yi. Me ya sa wannan motar kuke yi wa layi?"

"Wannan? Ai motar mahaukaciya ce."

Direba ya yi tari.

"Haka muke ce mata," in ji mai ƙugiya. "An ce akwai wata tsohuwa a wani layi da ta sa mutane wanke shara. Wanke shara fa, baiwar Allah! To Allah ya ƙara mata haukan. Dubi nan." Ta farke buhun shuɗi da ƙugiya, gorunan roba suka zubo a bushe, babu ƙuda ko ɗaya. "Wannan buhun, kafin ki sha kofin ruwa mun gama da shi. Irin wannan a wata motar, sai mace ta yi rabin yini tana tonon kashin jarirai da ruɓaɓɓen abinci kafin ta haɗa, ta kai wa mai injin niƙa roba ya ce da datti, ya mayar mata da rabi. Na wannan motar ko dubawa ba ya yi. Da farko har dambe aka yi a kanta, aka fasa wa wata baki. Shi ne na raba, mu talatin ne, shida-shida."

"Duka kuke kwashewa?"

"Ina! Goran ruwa mai haske, da roba mai kauri irin ta bokiti, da gwangwani, masu narka ƙarfe suna so. Leda kuwa, da farar robar nan ta zuba abinci, da ledar omo, wa zai karɓa? Wuta ce take cin su. Takarda ga ta nan kina gani, in miya ta taɓa ta an gama. Abincin kuma katafila ta binne. In buhu goma ne, uku namu, bakwai na wuta da ƙasa."

Sista ta dubi hayaƙin, ta dubi gidajen kwanon. Ta tambaya ko a can suke zaune. Matar ta ce yawancinsu, kuma ba gidan da ba a tari, amma an saba.

"In kin san tsohuwar," ta ƙara da cewa, "ki gaya mata abu ɗaya. Hankalinta bai kai wajen kwalba ba. Ta haɗa kwalba da roba a buhu ɗaya, in mota ta juye sai ta farfashe a ciki, mu kuma hannu muke cusawa. Har reza muna samu."

Ta buɗe tafin hannunta na hagu, wanda ta ɗaure da tsumma. Kamfani ne ya ce a haɗa kwalba da roba, yana nan a rubuce a jikin durom ɗin, amma Sista ba ta faɗi haka ba. Ta ba Direba lemar ya riƙe, ta kama hannun ta kwance tsumman. Yankan ya kumbura, bakinsa ya yi ja.

"Kwana nawa?"

"Biyar."

Ta buɗe jakarta ta fito da goran ruwa, da auduga, da maganin wanke ciwo, da bandeji. Ta wanke yankan ba tare da lallashi ba, ta ce lallai yau ɗin nan ta je asibiti a yi mata allurar da ake yi wa wanda ƙarfe ko kwalba ta yanka, kuma idan ta ga jan ya fara hawa hannu kada ta kwana a gida.

"Ke nas ce?"

"Da can."

"Ikon Allah. Mahaukaciyar ma an ce nas ce."

Ta faɗa ne kafin ta yi tunani. Ta dubi Sista, ta dubi Direba da ya kafa ido a kan lemar da ke hannunsa, sai ta kai hannun dama ta rufe baki.

"Miƙe hannun da kyau," in ji Sista. "Ban gama ba."

Suka kamo hanyar gida. Sai da ya tsaya a bakin layi ta ce, tana kallon gaba, "Wata nawa?"

"Sha huɗu, Mama."

"Auta ta sani?"

Ya hau gyara madubin mota.

"To," ta ce, ta sauka ba tare da ta jira a kama mata ba.

Ranar Asabar da safe ta aika gida-gida, aka taru a gaban shagon Mai Aski. Shi ya shirya wa gardama, har ya rufe shago. Bai samu ba. Sista ta tsaya ta ce abin da ya faɗa gaskiya ne, ta kuma ba da labarin abin da ta gani daga ma'ajiya har juji, ba ta rage komai ba sai sunan da ake kiran motar.

Wurin ya kaure. Wata mai ɗinki ta ce ita har dukan 'ya'yanta ta yi a kan ɓawon ayaba, yanzu da wane ido za ta kalle su. Wani ma'aikacin banki ya ce a kai kamfanin ƙara, aka tambaye shi wa zai yi zirga-zirgar kotu, ya ce shi dai shawara ya bayar. Wani dattijo ya ce shi bai ga asarar da aka yi ba, tunda aka fara abin nan kwatar layin ba ta toshe ba, ɓeraye ma sun ragu. Aka ce masa wannan don ana kwashewa ne a kan lokaci, ba don ana rabawa ba. Ya ce wataƙila.

"Ke nan," in ji Mai Aski, "bakwai cikin goma, wuta muke yi wa hidima."

"Haka ne."

"Kuma duniyar da aka ce muna ceto?"

"Ban ga duniya a can ba. Hayaƙi na gani, da mata talatin."

Ta ce ga abin da ita za ta ci gaba da yi: gora da roba mai kauri da gwangwani a shuɗi, a ɗauraye da ragowar ruwan wanke-wanke, kada wata ta ƙara taɓa ruwan wankan mijinta. Kwalba a ware ta a kwali a ɗaure. Takarda da abinci kuwa, har sai an gyara inji, ba za ta ce wa kowa ya wahalar da kansa ba. Wanda ya ga zai iya, to. Wanda ba zai iya ba, ta daina zuwa gidan kowa da gwangwani.

Ana shirin watsewa Mai Aski ya ce, da wata murya da ba a san shi da ita ba, "Sista, kin ce har reza suke samu?"

"Haka ta ce."

"Ai ƙarfe ce. Na ɗauka a shuɗi ake sawa."

Ba wanda ya yi dariya. Daga ranar ya samo gwangwani mai murfi ya huda masa ƙaramar ƙofa, in ya cika ya buge bakin da guduma. Amma ya hana matarsa ɗauraye komai, ya ce shi ya fita daga wannan makarantar.

Gida goma sha uku ne suka ci gaba. Durom ɗin rawaya ya ɓace a mako na biyu, daga baya aka hango shi a bayan wani gida cike da ruwa, kuma ba wanda ya je karɓowa.

Sista ta rubuta wa kamfanin takarda, ta aika kwafi ga hukumar da ta ba su kwangila. Ta rubuta ta yadda ta saba rubuta rahoton majinyaci: rana, da lokaci, da abin da aka gani, da lambar motar da ta hau. Bayan mako uku amsa ta zo, ana gode mata da kishin muhalli, ana tabbatar mata cewa kayan gyara suna hanya. A wannan makon aka ba Direba takardar gargaɗi saboda ɗaukar fasinja, aka cire shi daga unguwar aka mayar da shi kwasar sharar babbar kasuwa, aikin da ake ba wanda ake so ya gaji ya tafi da kansa. Sawu huɗu a rana, kaya masu nauyi da ruwa, warin da sabulu ba ya fitarwa.

Sabon direban da aka turo layin bai san zancen buhu ba. Yakan sa a ɗaga durom a juye kai tsaye a cikin mota, a gaban tagar Sista. Wata guda wahalar gida goma sha ukun tana tafiya a banza, biyu daga cikinsu suka daina. Mai ƙugiya ce ta tare Direba a juji ta tambaye shi ina motarsu ta shiga. Ya kwatanta mata layin. Tun daga nan, duk Asabar ta biyu mata biyu suke zuwa da hayar babur mai ƙafa uku su kwashe abin da ke shuɗi kafin motar kamfani ta iso. Wata Asabar ɗin ba sa zuwa, in abin da aka tara bai kai a yi tafiyar ba. Injin kuwa har yanzu yana nan yadda yake.

Mako shida Direba bai taka gidan surukarsa ba, ita ma ba ta neme shi ba. Auta ce take kai da kawowa, a can a ce mata maƙaryaciya, a nan a ce mata 'yar mai rubuta takarda. Ta gaya wa kowannensu cewa ta gaji.

Wata Lahadi da rana, ya dawo daga aiki ya yi wanka sau biyu ya zauna zai ci abinci, sai ga sallamar Sista. Ta hau bas biyu kafin ta iso. Ya miƙe ya ba ta kujera ya koma ƙasa, suka gaisa doguwar gaisuwa wadda ba ta taɓa komai ba. Auta ta kawo mata ruwa ta gudu kicin, ta bar ƙofa a buɗe.

"Lambar motar nan," in ji Sista, "bai kamata in rubuta ba. Ban yi tunanin a kanka za ta faɗo ba. Kuskurena ne."

Bai taɓa jin ta faɗi haka ga kowa ba.

"Ni ma kai ku ma'ajiyar nan da na yi, Mama, ban kyauta ba. Ku yafe ni."

"Sharar da maigadi ya yi ma ba ta yi kyau ba. Ka gaya masa."

Ta sha ruwan. Ta tambayi bayansa, ya ce da sauƙi. Ta ce ya riƙa durƙusawa da gwiwa in zai taya masu lodi ɗaga kaya, ba da ƙugu ba. Sannan ta tambaye shi me ya fi yawa a sharar kasuwa.

"Kayan gwari ne, Mama. Tumatir da ya ruɓe, ganye, ɓawon lemo da kankana. Kusan duka."

"Babu kwalba a ciki?"

"Da wuya."

"Kuma duk juji ake kaiwa a binne?"

"Duka."

"A hanyar nan da muka bi na ga gonakin lambu dama da hagu. Su da me suke taki?"

Daga kicin Auta ta ɗaga murya. "Mama, don Allah ki bar bawan Allah ya ci abincinsa."

"Tambaya kawai na yi. Sawu nawa ka ce kana yi a rana?"

Direba ya dubi ƙofar kicin, ba wanda ya fito ya cece shi.

"Huɗu, Mama," ya ce. "Ranar da motocin kaya suka sauka, biyar."

Ta jawo jakarta ta fara neman biro.